Hanyoyin Romawa, Kalandarsu, da Shekarunmu Hamsin

Jawabin da aka gabatar a sujadar godiya ta cikar wannan ikilisiya shekara hamsin

  

Batun da kwamitin biki ya ɗora mana shi ne yadda Romawan dā suka zama sanadin yaɗuwar bishara, da yadda suka bar mana kalandar da muke aiki da ita. Wani zai ce, me ya haɗa kifi da kaska? Me ya haɗa manomin masara da auduga na ƙasar Maska da mutanen da mulkinsu ya faɗi fiye da shekara 1,500 da suka wuce? Amsar tana bangon wannan littafi da ke hannunku. An rubuta shekara hamsin. To, da mudun wa aka auna ta? Da mudun Romawa ne. Tun da fari kuma bari mu raba gardama domin yara: Romawan da muke nufi ba su ne Rumawan ƙasar Ruma ta wajen Batsari ba. Waɗancan 'yan'uwanmu ne Katsinawa. Waɗannan kuwa mutanen birnin Roma ne da ke ƙasar Italiya. Sun mallaki Masar da Libiya da Tunisiya da Aljeriya har zuwa Maroko, amma mulkinsu bai ƙetaro Sahara ba, ba su taɓa karɓar ko anini na haraji a ƙasar Hausa ba. Duk da haka sunayen sarakunansu suna bakin 'ya'yanmu kowace safiya a makaranta.

Kakanninmu ba su jira kowa ya koya musu ƙirga lokaci ba. Suna da damina da kaka, da ɗari da bazara. In suka ga shamuwa ta dawo, gawo ya soma zubar da ganye, sun san lokacin sharar gona da kai taki ya ƙure. Suna cewa watan bakwai maƙarar rani. Shekarun mutum kuwa da abin da ya faru ake ƙirga su: an haife shi shekarar fara, an yi mata aure shekarar yunwa. Da yawa cikin iyayenmu da aka fara yi wa baftisma a wannan yanki, sa'ad da aka zo rubuta shekarunsu a littafin ikilisiya, sai da aka yi ta tambaya, kafin zuwan jirgin ƙasa aka haife ka ko bayansa? Daga baya muka karɓi sunayen ranakun mako daga Larabci. Lahadi ɗaya ke nan, Litinin biyu, Talata uku, Laraba huɗu, Alhamis biyar, Jumma'a ranar taruwa, Asabar kuwa ita ce Asabaci. Ku lura da wannan, gama alheri ne: a bakin Bahaushe Lahadi ita ce ranar farko ta mako, daidai da ranar da Linjila ta ce Ubangijinmu ya tashi daga matattu. Sunayen watanni kuma, Janairu zuwa Disamba, daga harshen Latin suka fito, suka biyo ta Turanci. Ashe yaron da ya rubuta Lahadi, 5 ga Yuli, ya yi Larabci da Hausa da Latin a layi guda bai sani ba.

Bisa ga labarin da Romawa da kansu suka bayar, an kafa birninsu a shekara ta 753 kafin haihuwar Almasihu, kuma shekararsu ta farko wata goma ce kawai, tana farawa da Maris. Shaidar wannan tana nan har yau. Satumba a harshensu na bakwai ke nan, Oktoba na takwas, Nuwamba na tara, Disamba na goma. Da aka ƙara Janairu da Fabrairu, aka kuma mai da farkon shekara Janairu, sai waɗannan huɗu suka matsa gaba, sunayensu kuwa suka tsaya inda suke, kamar mutumin da ake kira Auta alhali an haifi biyu a bayansa. Janairu sunan gunkinsu ne na ƙofa, mai fuska biyu, ɗaya gaba ɗaya baya. Maris sunan gunkin yaƙi ne. Fabrairu watan tsarkakewa ne bisa ga al'adarsu. Kada wannan ya tsorata kowa. Faɗin Maris ba sujada ba ce ga gunkin yaƙi, kamar yadda wucewa ta gindin tsamiya ba tsafi ba ne.

Wannan tsohuwar kalanda tasu ba ta cika kwanakin shekara ba, sai firistocinsu su riƙa cusa wani ɗan wata jefi-jefi domin a daidaita. Nan siyasa ta shiga. In nasu ne a kan mulki sai a tsawaita shekara, in abokin gaba ne sai a ƙi. Aka yi ta haka har bikin girbi ya rabu da lokacin girbi. A shekara ta 46 kafin haihuwar Almasihu, Yuliyas Kaisar ya nemi shawarar wani masanin taurari daga Iskandariya ta ƙasar Masar, mai suna Sosijinis. Mu riƙe wannan: ilimin da aka gyara kalandar da shi daga Afirka ya fito, gama Masarawa sun daɗe suna aiki da shekara mai kwana 365. Domin a koma daidai, sai da waccan shekara ta yi kwana 445. Daga ranar 1 ga Janairu ta shekara ta 45, shekara ta zama kwana 365, kowace ta huɗu kuma a ƙara kwana ɗaya a Fabrairu. Aka sa wa wata na bakwai sunan Yuliyas, shi ne Yuli. A shekara ta 8 kafin haihuwar Almasihu aka sa wa na takwas sunan magajinsa Augustas, shi ne Agusta, watan markarmu, watan da rumbu yake ƙasa, uwar gida tana auna tsaba da hankali.

Wannan Augustas shi ne Luka ya ambata a sura ta 2. Ya ba da umarnin ƙidaya ne domin haraji, bai san wata budurwa a Nazarat ba, amma umarninsa ne ya kai Yusufu da Maryamu Baitalami. Haka al'amarin Roma da bishara yake tun daga tushe. Abin da suka gina domin kansu, Allah ya yi aiki da shi domin nasa nufin.

Ku dubi hanyoyi. Romawa sun shimfiɗa hanyoyi na dutse da tsawonsu ya kai wajen kilomita 80,000, domin soja ya isa inda aka yi tawaye da sauri, haraji kuma ya iso Roma lafiya. Hanyar Afiyas, wadda aka soma a shekara ta 312 kafin haihuwar Almasihu, a kanta ne 'yan'uwa suka fito taryen Bulus sa'ad da aka kawo shi Roma yana ɗaure, kamar yadda muke karantawa a sura ta ƙarshe ta Ayyukan Manzanni. Wata babbar hanyar soja ta ratsa Filibi da Tasalonika, shi ya sa waɗannan sunaye suke cikin Littafinmu. Sun kori 'yan fashin teku, har jiragen alkama suna tasowa daga Iskandariya zuwa Italiya ba fargaba, irin waɗannan jirage ne kuwa suka ɗauki Bulus. Mu da muka san abin da ake nufi da hanya ta ƙi biyuwa, da mota ta kwana a tasha domin tsoron abin da ke gaba, ba sai an yi mana dogon bayani a kan darajar hanya mai lafiya ba. Ga kuma harshe. Helenanci ya game gabashin daular kamar yadda Hausa ta game kasuwannin Arewa, da shi aka rubuta Sabon Alkawari. Ga shari'a. Da yake Bulus haifaffen ɗan ƙasar Roma ne, ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar, gwamnati ta kai mai wa'azi babban birninta da rakiyar sojanta.

Amma, ya ku ƙaunatattu, hanya ba ta wa'azi. Mutane ne suka bi ta. Bulus ya rubuta wa masu bi na Roma wasiƙa tun bai taɓa sa ƙafa a birnin ba, wato akwai waɗanda suka riga shi kai Maganar. Fatake ne, da bayi, da masu sana'ar hannu irin su Akila da matarsa Bilkisu masu ɗinkin alfarwa, da mata irin su Lidiya mai sayar da tufafi a Filibi. Wajen shekara ta 112 wani gwamna mai suna Filini, a yankin Bitiniya da ke ƙasar Turkiyya ta yau, ya rubuta wa Sarki Tirajan yana neman shawara. Ya ce waɗannan mutane suna taruwa a wata rana tun da asuba suna yi wa Almasihu waƙa, abin kuma ya wuce birane ya shiga ƙauyuka da gonaki, har masu sayar da naman hadayar gumaka sun yi ta rasa masu saye. Wannan shaidar maƙiyi ce, shi ya sa take da nauyi.

Me gwamnatin Roma ta yi wa waɗannan mutane? Kada mu manta gwamnan Roma ne, Bilatus, ya ba da Ubangijinmu a gicciye shi. A shekara ta 64 gobara ta ci birnin Roma, Sarki Niro ya ɗora wa Kirista laifi, aka kashe da yawa. A shekara ta 203, a birnin Kartaj da ke Tunisiya ta yau, aka jefa wa namun jeji wata matashiya mai shayarwa, Farfetuwa, tare da wata baiwa, Filisitas. 'Yan Afirka ne, iyayenmu na Zumuntar Mata su riƙe sunayensu. A shekara ta 250 Sarki Desiyus ya ce kowa ya miƙa hadaya ga gumaka ya karɓi takardar shaida, kamar yadda iyayenmu suke yawo da takardar haraji a aljihu. A shekara ta 303 Diyokiletiyan ya ba da umarni a rushe majami'u, a ƙone Littattafai. Kusan shekara 300 ikilisiya tana girma ba ta da sarki, ba ta da soja, sau da yawa ba ta da ko gini. Don haka in an ce Romawa sun yaɗa bishara, mu tambaya, waɗanne Romawa? Na fada sun yi hanya. Na gidan haya da na kurkuku su ne suka ɗauki saƙon.

Sa'an nan iska ta juya. A shekara ta 312 Kwanstantin ya ci yaƙi a wata gada kusa da Roma, ya gaskata Allahn Kirista ne ya ba shi nasara. A 313 shi da abokin sarautarsa suka ba kowa 'yancin yin addininsa, aka mayar wa ikilisiya kadarorinta. Ya gina majami'u, ya sa aka rubuta Littafi Mai Tsarki guda 50 domin majami'un sabon birninsa, wanda ake kira Istambul a yau. A ranar 7 ga Maris, 321, ya kafa doka cewa alƙalai da mutanen birni da masu sana'a su huta ran Lahadi. Abin da zai ba ku sha'awa, dokar ta keɓe manoma, ta bar su su je gona, domin ruwa da lokacin shuka ba sa jiran kowa. Kada dai wani ya fita daga nan ya ce fasto ya halatta huɗa ran Lahadi. Dokar Kwanstantin muke faɗa, ba ta dattawan wannan ikilisiya ba.

Matasanmu suna cin karo da maganganu a waya, a Facebook da WhatsApp, cewa Kwanstantin ne ya ƙirƙiro sujadar Lahadi. Ba haka ba ne. Ayyukan Manzanni sura 20 ta nuna masu bi sun taru a ranar farko ta mako domin gutsuttsura gurasa, Bulus kuma ya umarci Korantiyawa su ware baikonsu a wannan rana. Wajen shekara ta 150 wani malami mai suna Yustin, wanda aka kashe daga baya saboda bangaskiyarsa, ya bayyana wa sarkin Roma yadda ake sujadar Lahadi, da karatu da wa'azi da addu'a da tara taimako domin marayu da gwauraye. Wannan shekara 170 ke nan kafin dokar Kwanstantin. Sarki ya ba da hutu, ranar kuwa ya tarar da ita.

A kan Kirsimeti dole mu faɗi gaskiya yadda take. Littafi Mai Tsarki bai ba da ranar haihuwar Ubangijinmu ba. Rubutu mafi daɗewa da ya nuna ana kiyaye 25 ga Disamba daga Roma ya fito, na shekara ta 336. Waɗansu masana sun ce an zaɓe ta ne domin a maye gurbin bikin rana da arnan Roma suke yi a lokacin. Waɗansu sun ce lissafi ne, wata tara daga 25 ga Maris, ranar da aka ɗauka an yi wa Maryamu albishir. Ko wanne ne, ranar tunawa ce da ikilisiya ta ware, ba aya ba ce. Mu a nan ta faɗo mana daidai, an gama sussuka, an kai auduga kasuwa, akwai ɗan abin ɗinka wa yara sabon kaya. Ista kuwa tana yawo ne domin tana bin wata. A shekara ta 325 bishop-bishop wajen 300 suka taru a Nikiya, suka yarda dukan ikilisiyoyi su riƙa yinta a Lahadi guda. Ƙa'idar da ta zauna ita ce Lahadin da ta biyo bayan cikar wata na farko daga 21 ga Maris, shi ya sa ba ta riga 22 ga Maris, ba ta wuce 25 ga Afrilu. Maƙwabtanmu Musulmi suna duban wata domin azumi da Salla, shekararsu ta Hijira tana da kwana 354 ko 355, shi ya sa take zagaya damina da rani. Ashe mu ma a babban idinmu masu duban wata ne.

A shekara ta 380 Sarki Tiyodosiyus ya mai da addinin Kirista addinin gwamnati. Da yawa suna ƙirga wannan a matsayin nasara. Mu dai muna ganinta nasara ce mai ƙaya a ciki. Mutane suka cika majami'u domin neman muƙami, waɗanda aka tsananta wa jiya suka soma tsananta wa waɗansu, bishop ya koyi zaman fada. Duk ikilisiyar da ta saba cin tuwon sarki, da wuya ta iya gaya wa sarki gaskiya, mu kuwa da 'yan siyasa suke ziyarta duk bayan shekara huɗu muna da abin dubawa a nan. A shekara ta 410 aka ci birnin Roma da yaƙi, a 476 mulkinta na yamma ya ƙare. Bishara ba ta ƙare tare da shi ba, gama tun dā ma ba ta tsaya a iyakarsa ba. Sarki Ezana na Habasha ya ba da gaskiya a ƙarni na 4, masu bi daga ƙasar Farisa kuma suka kai Maganar har ƙasar Sin a shekara ta 635. A Arewacin Afirka, inda aka haifi babban malami Agustin a 354 a ƙasar Aljeriya ta yau, ikilisiya mai sujada da Latin ta shuɗe a hankali. Ta Masar da ta Habasha, waɗanda suke da Littafi cikin harsunansu, suna nan har yau. Iyayen da 'ya'yansu ba su iya karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa ba su yi tunani a kan wannan.

Saura ƙirgar shekaru. Romawa suna ƙirgawa ne da sunan masu mulki. A shekara ta 525 wani malamin ikilisiya a Roma, Diyonisiyus, wanda ake yi wa laƙabi da Ƙarami, yana shirya jadawalin Ista, ya tarar ana ƙirga shekarun jadawalin daga hawan Diyokiletiyan. Ya ƙi ya ci gaba da tunawa da mai ƙone Littattafai, ya soma ƙirga daga haihuwar Almasihu. Lissafinsa ya kauce da 'yan shekaru, gama Hirudus, wanda aka haifi Yesu a zamaninsa, ya mutu a shekara ta 4 kafin farkon ƙirgar. Amma ita ce duniya ta ɗauka, ita ce muke kira Miladiyya, kalmar Larabci mai nufin haihuwa.

Kalandar Yuliyas ma tana da ɗan kuskure. Shekararta ta fi ta rana tsawo da minti 11 da 'yan daƙiƙu. Abin kamar ba komai, amma duk shekara 128 yana tara kwana guda, yadda ɓera yake rage rumbu tsaba-tsaba. Zuwa ƙarni na 16 an kauce da kwana 10, Ista tana gusawa daga lokacinta. A 1582 Paparoma Giregori na 13 ya yi gyara. Mutane suka kwanta ran Alhamis 4 ga Oktoba, suka tashi ran Jumma'a 15 ga Oktoba. Aka kuma sa ƙa'ida cewa shekarar da ta cika ɗari ba za a ƙara mata kwana ba sai in 400 ta raba ta daidai, shi ya sa Fabrairun 2000 ya yi kwana 29, na 1900 bai yi ba, na 2100 ma ba zai yi ba. Ingila ta ƙi gyaran har shekara 170, ba don lissafin bai yi daidai ba, sai don daga hannun Paparoma ya fito. Sai a 1752 ta sauko, aka tsallaka daga 2 ga Satumba zuwa 14. Gardamar ɗariƙa ba yau ta soma ba, ba ta kuma taɓa ƙara wa kowa kwana ɗaya ba. 'Yan'uwanmu na Masar da Habasha har yanzu suna bin tsohon lissafi, Kirsimetinsu tana faɗowa 7 ga Janairu.

Wannan gyararriyar kalanda ce Ingilishi suka shigo mana da ita bayan sun ci Kano da Sakkwato, suka shiga Katsina a 1903. Ta zo ne da haraji da jangali, da ranar kasuwar auduga, da ranar albashi. Labarin Roma ya sake maimaituwa a ƙofar gidanmu. Titin jirgin ƙasa da ya tashi daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, an yi shi ne domin kwasar auduga da gyaɗa, amma ya kawo ma'aikata da akawuna masu bi, suka soma taruwa ran Lahadi. Gwamnatin mulkin mallaka kuwa, wadda waɗansu suke zato ita ta kawo bishara, ta daɗe tana hana mishan shiga ƙasashen sarakuna. Likita Mila ya zauna a Zariya daga 1905, aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, a shekarun 1930 kuma aikin jinyar kutare a Babbar Ruga ya buɗe ƙofa a lardin Katsina. Amma waɗanda suka kai Maganar unguwa-unguwa a ƙasar Malumfashi da Ƙafur da Bakori, masu bishara ne 'yan ƙasa, a ƙafa ko a kan keke, suna noma da safe suna koyar da karatu da yamma a gindin itace. Su ne Akila da Bilkisunmu. Wannan ikilisiya da suka dasa ta girmi Jihar Katsina, wadda aka ƙirƙiro a 1987.

Yanzu bari mu gaya muku asalin kalmar kalanda ita kanta. Romawa suna kiran ranar farko ta kowane wata kalendai. A ranar ne mai bin bashi yake zuwa karɓar ruwan kuɗinsa, littafin da yake rubuta sunayen waɗanda yake bi kuwa shi ake kira kalendariyum. Wato abin da muke ratayewa a bangon ɗaki, mai hoton fasto da na Zumuntar Mata, sunan littafin mai ba da bashi da ruwa yake ɗauke da shi. Da shi muka ƙirga shekarunmu hamsin. Amma shekara ta hamsin ba daga Roma muka samo ta ba. Tana cikin Littafin Firistoci sura 25. A can an umarci Isra'ilawa su ƙirga shekara bakwai sau bakwai, a ta hamsin a busa ƙaho, wanda talauci ya sa ya sayar da gonar gādonsa a mayar masa, wanda ya sayar da kansa bauta a sake shi. Ko cinikin gona ma, yawan girbin da ya rage kafin wannan shekara ake sayarwa, ba ƙasar ba, gama ƙasa ta Ubangiji ce. Surar ta kuma hana karɓar ruwa a hannun ɗan'uwan da ya talauce.

Mun san abin da ya sami wannan yanki a shekarun nan. Mun tuna daren 11 ga Disamba, 2020, da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar Ƙanƙara. Mun san ƙauyukan wajen Faskari da Sabuwa da Ɗandume da aka tasa, Musulmi da Kirista ba a bar kowa ba. A cikin waɗanda suke zaune a kan waɗannan benci akwai wanda ya jinginar da gonar ubansa domin ya biya kuɗin fansar ɗansa ko matarsa. Akwai gwauruwar da ta karɓi buhun taki ɗaya da damina a kan za ta biya buhu biyu na masara da kaka, ruwa kuwa ya ɗauke da wuri. Abin da ya fi nauyin faɗi shi ne, sau da yawa wanda yake riƙe da gonar, ko yake bin bashin, shi ma yana cikin wannan ɗaki, muna cin Jibin Ubangiji tare.

Ba mu da ikon sarkin Roma da za mu kafa doka, ba ma kuwa nemansa. Roƙo muke yi. Muna roƙon majalisar dattawa ta zauna cikin makonnin da ke tafe, ba a gaban jama'a ba, ta kira masu jingina da masu riƙon jingina biyu-biyu. Wanda ya riga ya ci amfanin gona har ya fanshe kuɗinsa, ya mayar. Wanda ba zai iya yafe uwar kuɗi ba, ya yafe ruwan. Inda mai riƙon shi ma talaka ne, a duba abin da ya rage daga baikon wannan biki, bayan an biya masu rumfa da masu girki, a fanshi gonar da shi, a fara da na gwauraye. Maƙwabcinmu Musulmi da yake da irin wannan magana da ɗaya daga cikinmu, shi ma a saurare shi. A kuma gama wannan zama kafin Ista, domin wanda za a mayar wa gona yana bukatar ya sani tun shamuwa ba ta dawo ba, ya sami zarafin yin shara, ya kai taki, ya nemi iri.